Ranar da Mama Ngametua Ta Ce 'Yata Ce

Duk wanda ya taɓa sauka a Manuroa ya san Mama Ngametua, in bai gan ta ba ya ji muryarta. Ita ce matar nan da ke zama a inuwar bayan coci tana saƙar malfa da zaren ganyen kwakwa, hannu na aiki baki na aiki. Mutanen tsibirin suna ce mata masifaffiya, wasu ma idan suka hango ta sai su bi ta bakin ruwa. Ba su yi mata adalci ba. Matar nan ta haura shekara hamsin a duniya ba a taɓa jin ta ɗaga wa ko kaza murya ba. Ƙidayar jama'a ce ta mayar da ita haka, kuma duk masu gudunta yau da hannunsu a ciki.

A tsibirin aka haife ta, 'yar masunci, ta kuma auri masunci, Papa Rima, mutum mai sanyin hali da ba ya iya korar kare daga kan tabarmarsa. Allah bai ba su haihuwa ba. A wani wuri da an yi ta kuka, amma a Manuroa wannan ba abin da ke hana mace goyo ba ne, domin kafin cibiyar jariri ta faɗi wani daga cikin dangi ya riga ya roƙe shi. Da an yaye shi sai a kai shi gidan da ya roƙa, da tabarmarsa da 'yar tasarsa. Ta haka Mama Ngametua ta raini yara bakwai. Ta yi jinyar ƙyandarsu, ta cire musu ƙayar kifi a maƙogwaro, ta sayar da malfuna ta ɗinka musu fararen kayan zuwa coci.

Sai dai riƙo a wurinmu yana da ƙa'idarsa, kuma ba wanda ke karya ta. Wadda ta bayar ba ta ƙara buɗe baki ta ce “ɗana”, don kada a ce tana bin kyautarta da ido. Wadda aka bai wa ita ma ba ta cewa “ɗana” a bainar jama'a, balle a gaban wadda ta yi naƙuda, sai dai ta ce “wanda nake ciyarwa”. Yaro ya san kowa, ya san cikin da ya fito, ya san tukunyar da yake ci, ba a ɓoye masa komai. Manya ne kawai ke ta kauce wa kalma ɗaya. Kara ce, muna kuma taƙama da ita kamar mu muka kawo kunya duniya.

Autar yaran Mama Ngametua ita ce Moeroa, wadda Tutai matar ƙaninta ta ba ta. Gidajensu na kallon juna, kuma kusan kullum Tutai na tsakar gidan yayar mijinta tana taya ta tsaga ganye. Yarinyar ta tashi tana kiran Ngametua “Mama” kawai, ita kuwa wadda ta haife ta “Mama Tutai”, kamar yadda take kiran kowace mace a layin.

Moeroa na da shekara huɗu jirgin ruwa ya kawo malamar ƙidaya daga Raro, babban tsibirin da gwamnati take. Jirginmu ba ya kwana, yana gama sauke fulawa da fetur yake juyawa, don haka yini ɗaya tak matar take da shi. Papa Tangi shugaban tsibiri, wanda ba ya ganin baƙo ya bar shi ya tafi da kunnuwansa lafiya, ya zaunar da ita a zauren taro, aka rataya mata furanni, aka buɗe ramin da ake gasa abincin biki, ya yi jawabin da ya fara tun daga kwale-kwalen kakanni. Rana ta karkata kafin baiwar Allah ta samu ta miƙe. Da za ta fara zagaye ya ce wa jama'a, “Ku amsa mata da sauri ku sallame ta. Takardun Raro ne, ƙarshensu cikin ɓeraye.” Aka yi dariya, maza suka koma ɗaukar buhu.

Ta iso gidan Mama Ngametua a gajiye, har lokacin jirin teku bai sake ta ba. Tutai na zaune a gefe da wuƙarta.

“Mama, mutum nawa ke kwana a gidan nan?”

“Ni da Papa Rima.”

Malamar ta leƙa ɗaki ta ga tabarmi huɗu a naɗe. “Waɗannan fa? Ba yara?”

Ngametua ta saci kallon Tutai, ta yi murmushi. “Na mutane ne, 'yar nan. Shigowa suke su ci su fita. Za ki same su a gidajen iyayensu.”

Tutai ta sunkuyar da kai, ta ji daɗin karar da aka yi mata. Da malamar ta tsallaka gidanta, ita ma ta rama alheri: ta faɗi yaran da ke ɗakinta, ta tsallake Moeroa, domin ai Moeroa tana da uwa a tsallaken hanya. Haka aka yi gida bayan gida, daga bakin tafki har ƙarshen gonakin gwaza. Wannan ta ture yaro zuwa wancan gida don ladabi, waccan ta turo shi baya don ladabi, yaro ya faɗi a tsakiya. Malamar ta hau jirgi da kwandon busasshen kifi da malfa sabuwa, kowa na ɗaga mata hannu, ana cewa an fita kunyar baƙuwa.

Shekara biyu ba a ji komai ba, har an manta. Sai ga saƙo daga wani ofishi a Raro. Bisa ƙidaya, yaran Manuroa ba su kai ashirin ba, don haka malamai uku sun yi musu yawa. Za a janye biyu, a rufe manyan azuzuwa, duk yaron da ya cika shekara goma ya taho Raro ya ci gaba. A ranar da aka karanta saƙon, yara fiye da hamsin ne ke ihu a filin makaranta. Shugaban makaranta ya aika da rajistarsa, aka ce masa kowane tsibiri yana kumbura rajista don ya riƙe malamai, su ƙidaya suka sani. Papa Tangi ya hau waya ya yi ta kumfar baki. Amsar da aka ba shi gajeriya ce, kuma ba ƙarya a cikinta: da bakinku kuka faɗa, ku jira ƙidaya ta gaba.

Jirgi ɗaya ya kwashe wa Mama Ngametua yara uku. Ta tsaya cikin ruwa har gwiwa tana miƙa musu ƙunshin gasasshen gwaza, ƙaramin cikinsu ya riƙe mata zane sai da aka ɓanɓare yatsunsa. Ba ta yi kuka ba. Da ƙaramin kwale-kwale ya kai su jikin jirgi, ta juyo ta tarar da Papa Tangi yana share ido da hankici yana cewa mutanen Raro ba su da imani. A nan ne tsibirin ya fara jin muryar da yake ji har yau.

“Papa, mayar da hankicinka aljihu. Wane ɗan Raro ne ya shigo gidana ya ce tabarmin nan ba na kowa ba ne? Ni na faɗa. Kai kuma ka ce ɓeraye za su ci takardar. To ga shi ɓerayen sun ci, sun haɗa da yaranmu.”

“Ngametua, a gaban mutane?”

“A gaban mutanen muka yi abin, a gabansu zan faɗa!”

Abin bai tsaya kan yara ba. Uwa ba ta iya barci ɗanta na kwana a falon wani a Raro, sai ta bi shi jirgi na gaba. Miji ya gaji da dafa wa kansa, ya ja kwale-kwalensa tudu ya kife shi ya bi matarsa. Daga Raro kuma hanya a buɗe take zuwa ƙasashen da ke gaba, kuma wanda ya tafi can sai dai hoto. Gidaje suka fara rufuwa, ciyawa ta cinye ƙofofi. Mawaƙan coci da a da muryarsu ke girgiza rufin kwano suka koma tsofaffi goma sha wani abu masu tari. Ana cikin haka ɓarin jikin Papa Rima ya shanye, ya kwanta, sai an juya shi an ba shi abinci a baki. Gidan da ake rabon kifi tasa bakwai ya rage daga majinyaci sai Moeroa.

Ngametua ta iya lissafi daidai gwargwado. Ƙidaya ta gaba za ta zo Moeroa na da shekara tara. In aka faɗi gaskiya, wataƙila a dawo da malamai kafin yarinyar ta cika goma. In aka sake yin kara, jirgi zai ɗauke ta, ita kuma ba ta da halin bin ta, don ba wanda za ta bar wa Papa Rima. Tun ana saura wata da watanni ta ajiye saƙa ta shiga gidaje. Ba ta gaisuwa mai tsawo. Takan tsaya a ƙofa ta nuna yaro da yatsa ta ce, “Wannan a ina yake kwana? To nan za a rubuta shi. Ke za ki faɗa, da bakinki, ko uwarsa na zaune a kan cinyarki.” Mata suka riƙa kama baki. Wata tsohuwa ta ce mata tun da take ba ta taɓa jin rashin ta ido irin wannan ba. Ngametua ta tambaye ta jikokinta nawa suka rage a tsibirin, tsohuwar ta shige ɗaki.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta tare ƙofa, ba ta bari kowa ya fita ba. Papa Tangi ya gyara kwat ɗinsa ya ce al'adar kakanni ba abin wasa ba ce, mutanen da suka zubar da kunyarsu don takarda sun gama lalacewa.

“Kakannin sun ce a ba da yaro ga dangi,” in ji ta, “ba su ce a ba da shi ga jirgi ba. Dubi bencinan can, Papa. Kunyar ce zaune a kansu? Ita za ta ɗauki gawarka in ka mutu?”

“Subhana, ku ji bakin mace!” in ji Papa Tangi.

“Bakin da ya yi shiru shekaran jiya ne. Kun ji daɗinsa a lokacin, yanzu ku ji ɗacinsa. Kuma in malamin ƙidaya ya sauka, ruwan kwakwa ɗaya za a ba shi. Wanda ya fara jawabin kwale-kwalen kakanni, wallahi da ni zai yi.”

Wasu samari suka tuntsire da dariya a baya, fasto ya yi kamar yana neman wani abu a cikin littafinsa. Ba wanda ya ce ya yarda, amma ba wanda ya ce bai yarda ba, kuma a Manuroa wannan shi ne amincewa.

Wannan karon namiji aka turo, wani mai gilashi mai yawan haƙuri. Ngametua ta tare shi tun ƙafarsa na cikin ruwa, ta sa shi gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa. A kowane gida takan tsaya a bayansa ta harɗe hannu. Mata suka riƙa faɗin sunayen yaran riƙonsu da ƙyar, ido a ƙasa, murya kamar ta mai amsa laifi. Wata ta faɗa ta fashe da kuka, uwar yaron ta rungume ta, su biyun suka koma dariya. Aka ga dai sama ba ta faɗo ba.

Gidanta ne na ƙarshe. Tutai na zaune a wurin da ta saba zama, da wuƙarta da ganyenta. Ta san abin da za a faɗa, ta kuma shirya jin sa, domin ita ma ba ta son a ɗauke yarinyar. Moeroa na bakin ƙofa tana fifita Papa Rima.

“Mu uku ne,” in ji Ngametua. “Ni, da mijina, da Moeroa.”

“Me take a gare ki, Mama?”

“'Yata ce.”

Kalmar ta fita, ba abin da ya faru. Da ta tsaya nan da an rabu lafiya. Amma malamin ya ɗago ya ce, saboda akwai gurbin da zai cike, “Ke kika haife ta, ko riƙo ne?” Ita kuma yini guda tana tafasa, ga haushin shekara biyar a ƙirji, ga kalmar da ta yi shekara talatin tana haɗiyewa ta samu hanya. Bakin ya wuce inda aka aike shi.

“Rubuta 'yata ce, malam! Haihuwar me? Wahalar yini ɗaya? Ni na yi ta kwana a zaune da ita tana zazzaɓi, ni na san abin da take ci da abin da ke sa ta amai. Ba ta da wata uwa a tsibirin nan sai ni.”

Tutai ta ajiye wuƙar a hankali. Ta karkaɗe zanenta ta miƙe, muryarta ko rawa ba ta yi.

“Yaya, tun da na yaye ta na kawo miki, kullum sai ta wuce ta ƙofata. Ban taɓa cewa zo nan 'yata ba. Ranar da ta faɗo daga bishiya ina tsaye, na riƙe hannuna na bari ke ki ɗauke ta. Kin zaci ba ciwo? Na ce ki faɗa a rubuta, ban ce ki kankare ni ba.”

Ta tsallaka hanya ta shiga gidanta. Malamin ya rubuta abin da zai rubuta ya tattara takardunsa. Daga ranar Tutai ba ta sake zama a tsakar gidan nan ba. Suna gaisawa a coci, gaisuwar da gara zagi da ita. Ngametua ta san ta yi ɓarna, sau biyu tana aika kifi a mayar mata da tasa a wanke ba ko saƙo, amma girman kai da haushi suka hana ta taka ƙafa ta ba da haƙuri. Ta ce a ranta in malamai suka dawo komai zai gyaru.

An ƙidaya Manuroa daidai a wannan karon, ba yaron da ya faɗi a tsakiya. Sai dai ofis ba ya gudu don wani na sauri. Aka ce ana tattara alƙaluma, aka ce ana dubawa, aka ce sai kasafin baɗi. Moeroa ta cika goma ba malami ba labarinsa. Dole wani babba ya raka ta Raro ya zauna da ita, kuma duk tsibirin an san wadda ba za ta iya ba da wadda za ta iya. Ƙanin Ngametua ne ya zo ya faɗa, yana sosa ƙeya, cewa shi da Tutai za su tafi da yarinyar, daga baya a ga abin da hali zai yi. Ngametua ta ɗinka mata riguna, ta saƙa mata malfar da ba ta taɓa saƙa irinta ba, ta raka ta har cikin ruwa. Tutai ce ta miƙo hannu daga cikin kwale-kwale ta ja yarinyar ta zaunar da ita kusa da ita.

Bayan shekara ɗaya da wani abu malamai biyu suka sauka. Aka share manyan azuzuwa, aka kori kajin da suka mayar da su gida. Iyalai uku da suka riga suka ɗaure kaya suka kwance, wasu biyu ma suka dawo daga Raro da yaransu. Aka buɗe ramin gashi, Papa Tangi ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ya tsaya tsayin daka har Raro ta ji kunya, aka tafa masa. Ngametua ba ta zauren. Tana bakin ruwa tana kallon kwale-kwale na ƙarshe da ya taso daga jirgi, wanda ba komai a cikinsa sai buhunan siminti.

Washegari ta bar Papa Rima da maƙwabciya ta je ofishin tsibiri ta sa aka kira mata Raro. Moeroa ce ta ɗauka, muryarta ta ƙara girma, tana magana da sauri irin na yaran can.

“An buɗe ajinku,” in ji Ngametua. “Malama ce, mai kirki. Tabarmarki na nan, na shanya ta jiya. Jirgi zai juyo ƙarshen wata.”

Yarinyar ta ce ta shiga ƙungiyar ƙwallo, ta ce akwai jarrabawa, ta ce an ce makarantar can ta fi. Ta tambayi jikin Papa. Sannan aka ji wata murya daga nesa tana kiranta, ta amsa, ta dawo kan wayar.

“Mama Ngametua, sai an jima, Mama na kirana. Ta ce a gaishe ki.”

Ngametua ta riƙe wayar har sai da ma'aikacin ofis ya karɓa daga hannunta ya ajiye. Ta fito ta bi ta gaban makaranta, inda yaran mutane ke rera karatu a ajin da ta ƙwato musu, ba ta ko waiwaya ba. A hanya ta ci karo da Papa Tangi, ya washe baki ya ce ai yanzu sai ta huta da faɗa tunda an samu abin da ake so.

“Kun samu dai,” in ji ta.

Ta wuce gida ta juya Papa Rima, ta ba shi ruwa. Tabarmar Moeroa na kan igiya inda ta shanya ta. Ta sauke ta, ta naɗe, ta ɗora a kan sauran shida.